Abin da kunne ya tsinto mana

Malam Bello, Kofar Rini: Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya na kai takalmina gyara wajen wani tsohon baduku a Tsohuwar Kasuwa. Yana ɗinki yana magana, ni kuwa ina ta latsa waya ina "haka ne Baba". Can na ji ya ambaci Maroko, sai na ɗago kai. Ashe fatar nan da Turawa ke kira fatar Maroko, da yawanta ta jar akuyarmu ce ta Sakkwato. Fatake ke ƙetare Sahara da ita, Turawa su saya a hannun mutanen can, shi ke nan suna ya bi mai sayarwa. Ya laluba cikin wata tsohuwar ƙwarya ya miƙo mini busasshiyar bagaruwa, ya ce da ita ake jima. Shekara nawa ina taka ta a hanya! Wa ya taɓa yin shiru ya tsinci irin wannan? Ku ba mu naku.

Hajiya Luba: Wa alaikumus salam Malam. Ni tawa kakata ce, Allah ya jiƙanta. A makaranta na haddace cewa Nana Asma'u ta rasu a 1864, na rubuta a jarrabawa, na wuce. Wata rana muna tsinkar zogale a tsakar gida, Inna ta fara rera wata waƙar wa'azi ƙasa-ƙasa. Zan tashi ta ce, "Ke ɗiya, zamna ki jiya." Nan ta ba ni labarin 'yan taru, ƙungiyar karantar da mata da Nana Asma'u ta kafa, yadda jaji, wato shugabarsu, ke jagorantar matan ƙauye su zo ɗaukar karatu, da malfa a kanta an naɗe da jan rawani. Har ta ɗaga hannu tana nuna mini faɗin malfar, ganyen zogale na zuba daga zanenta. Kunne ya girmi kaka, amma ranar kakar ce ta cika kunnen. Baitocin ne ban riƙe ba, abin na damuna har yau.

Abdul na Goronyo: Ni dai jikina ne ya ji. Baffana ya ce in daina ban ruwa kafin cirar albasa, in bari ganye ya kwanta, ta sha iska sosai kafin a zuba a rudu, wato rumbun ajiyar albasa. Ina ta "to Baffa", hankalina na wajen ƙwallo. Na cire ta da ɗanyen wuya na jibge. Ba a yi wata guda ba wari ya kori kowa daga wajen. Baffa bai ce mini uffan ba, shebur kawai ya miƙo.

Sani Mabera: Ku yi a hankali fa. A teburin mai shayi ma ana zuba "ilimi" iri-iri, rabi ƙarya ce tsagwaronta. Ni ina saurara, amma sai na tambaya, "Wa ya faɗa maka?" Galibi nan mai labari ke fara kurɓar shayi.

Malam Bello: Sani, tsohon nan abin a hannunsa yake, na taɓa, na shinshina. Gobe ma zan koma karɓar takalmin, ya ce zai nuna mini karan dafin da ake rina fata ja da shi. Wayar a gida zan baro ta.