Wata takwas ina maki 1200 a ces, ɗan wana ya wuce ni

Nura: Jama'a, na gaji. Wata takwas ke nan makina a ces yana yawo tsakanin 1180 da 1230. Kullum bayan isha'i sai na buga wasa goma, wani daren har data ta ƙare min a tsakiyar wasa. Ɗan wana da ni na koya wa tafiyar doki a hutun bara, shekararsa 13, yanzu yana 1600. Jiya ya cinye min sarauniya tun ba mu je ko'ina ba, ko ɗago kai bai yi ba. Wasan nan baiwa ce, marar ita ya haƙura.

Malam Habu: Ƙanina, janye kalmar baiwar nan. László Polgár na ƙasar Hungary ya zaunar da 'ya'yansa mata uku kan ces tun suna ƙanana, don ya nuna horo ne ke yin gwani. Autarsu Judit ta kai maki 2735 a 2005, ta shiga sahun goma na duniya, maza da mata.

Abba: To Malam, me ya hana yayyenta Susan da Sofia kaiwa can? Uba ɗaya, gida ɗaya, horo ɗaya. Abin da ya raba su da Judit shi ake kira baiwa.

Malam Habu: Naci ne ya raba su.

Hajara: Yaya Abba, ku fara faɗa mana me kuke nufi da baiwa. In kyautar Allah ce, ai nacin ma Shi ya bayar.

Abba: Kada ki juya maganar, Hajara. Magnus Carlsen na ƙasar Norway ya zama babban gwani na FIDE, hukumar ces ta duniya, a 2004 yana ɗan shekara 13, ya taɓa 2882 a 2014. Yara nawa ne suka yi naci irin nasa?

Baba Isa: Kullum Carlsen! Tsohon zakaran duniya Kasparov ya kai 2851 tun 1999, lokacin da ba wanda ke yawo da injin ces a aljihu. Ku yaran yanzu ba ku ga wasa ba.

Abba: Baba, da girmanka, 2882 ta fi 2851.

Baba Isa: Makin zamaninsa da na yanzu ba mudu ɗaya ba ne.

Sadiƙ: Ku bari mu koma kan Nura. A lissafin maki na Elo da FIDE ta ɗauka a 1970, yaro ƙasa da shekara 18 da bai kai 2300 ba ana ninka sauyin makinsa da 40, babba da ya riga ya buga wasa 30 bai kai 2400 ba kuma da 20. Makin yaro ya fi saurin motsi ninki biyu. Nura, kana komawa ka duba wasannin da aka ci ka?

Hajara: A waya suke bugawa, can wani lissafin maki mai suna Glicko ake amfani da shi, ba lissafin FIDE ba.

Nura: Yaya Sadiƙ, ina gamawa nake danna sabon wasa. Ina na ga lokacin dubawa?

Ɗanlami: Ni dai a dararmu ta ƙofar gida ba a taɓa ba kowa maki ba, amma an san gwani.

Baba Isa: Kar ka haɗa dara da ces. Rami 30, 'ya'ya 12 kowa, ka jera uku ka ci. Wasa ne daban, kuma ina girmama shi.

Ɗanlami: Wa ya ce ɗaya ne? Baba, karanta abin da na rubuta.

Malam Habu: A matsayina na mai kula da zauren nan zan rufe. Abin da aka tsayar shi ne horo ke ɗaga maki, gidan Polgár ya isa hujja, kuma ba wanda ya iya karya ta. Masu cewa baiwa sunan Carlsen kawai suka kawo. Nura, ka rage wasanninka zuwa uku a dare, ka duba kowanne kafin ka kwanta, ka dawo mana da makinka bayan wata uku.

Abba: Malam, ba ka amsa min maganar Susan da Sofia ba.