Shawara nake nema kan binciken bayan digiri na uku

Hauwa, Unguwar Rimi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na kammala digiri na uku a lissafi, aikina kan yaɗuwar zazzaɓin cizon sauro ne da lissafin difarenshiyal, wato lissafin yadda abu ke sauyawa da lokaci. Yanzu ina son neman fosdok, wato aikin bincike na bayan digiri na uku, a fannin kwaikwayon yadda sinadarai ke haɗuwa da bazuwa cikin ƙwayar halitta ta hanyar lissafin yiwuwa. Ta ina zan fara, kuma wa ke ba da tallafi?

Malam Bashir, Zariya: Wa alaikumus salam. Barka da kammalawa, Dakta, Allah ya sa albarka. Kafin zancen tallafi, ki riƙe dalilin fannin, don shi za a fara tambayarki. Lissafin da kika saba da shi matsakaici yake bi, kuma yana yin daidai idan ƙwayoyin sinadarin sun kai miliyoyi. Amma a cikin bakteriyar E. coli akwai furotin da kwafinsa bai fi goma ba. Misali, ranar da Kasuwar Bacci ta cika, ana iya ƙiyasta masu shiga a kowace awa. Shagon da mutum uku ke leƙawa a yini kuwa, ba mai cewa ga lokacin da na gaba zai zo. A 2002 Michael Elowitz da abokan aikinsa suka sa furotin biyu masu ƙyalli, launi daban-daban, cikin bakteriya masu gado ɗaya, aka ga kowace ta fito da nata gaurayen launi. Don haka ki fara da dabarar Gillespie ta 1977, wadda ake kwaikwayon haɗuwar sinadarai bisa dace da ita a kwamfuta. Lamba biyu ake zarowa bisa dace: ɗaya ta faɗi yaushe haɗuwa ta gaba za ta auku, ɗaya ta faɗi wacce ce. Ki rubuta ta da hannunki a harshen kwamfuta na Python.

Yusuf, Barnawa: Ni da manhajar Smoldyn zan ce ta fara. Kyauta ce, tana bin kowace ƙwayar sinadari ɗaya bayan ɗaya, kuma laftof ma tana ɗauka idan aikin bai yi yawa ba.

Malam Bashir: Ban ƙi ba, Yusuf, amma ba da farko ba. Ga dalili. Idan aka shigo da bazuwa, hanya ɗaya ita ce a yanka ƙwayar halittar gida-gida, sinadari yana tsallakawa daga wannan zuwa na maƙwabta. Mai sabon hannu zai ɗauka ƙanƙanta gidajen na ƙara daidaito. Alhali in suka yi ƙanƙanta ainun, sinadarai biyu ba sa cika dacewa a gida ɗaya, sai haɗuwarsu ta yi ta raguwa a lissafin. Wanda bai taɓa ganin haka a allon kwamfutarsa ba, manhaja za ta ba shi sakamako ya karɓa ido rufe.

Yusuf: Na yarda, Malam. In ta ƙware, ta gwada furotin MinD da MinE, masu kai-komo daga wannan ƙarshen E. coli zuwa wancan don ta rabu daidai tsakiya.

Aunty Rabi, Malali: Ƙanwata, kan tallafi: Gidauniyar Humboldt ta Jamus tana da shirin Georg Forster na masu bincike daga ƙasashe masu tasowa. Akwai na Marie Curie na Tarayyar Turai, wanda ke neman kada a wuce shekara 8 ana bincike bayan digiri na uku. Cibiyar binciken fiziks ta ICTP da ke Tiriyeste a Italiya tana da sashen lissafin kimiyyar rayuwa. In kina koyarwa a jami'ar gwamnati, ki tambayi ofishin TETFund na makarantarku. Amma na Humboldt da na Marie Curie sai kin sami farfesan da zai karɓe ki tukuna. Ki rubuta masa gajeriyar wasiƙa, ki haɗa da aikin da kika yi da kanki, ba takardar tarihin karatu kaɗai ba.

Hauwa: Na gode ƙwarai, Aunty. Damuwata ita ce wace tambaya zan kai musu wadda ba su riga sun yi ba.

Aunty Rabi: Tana nan kusa da ke. Cibiyar binciken cutar sammore ta ƙasa a Kaduna take. Ƙwayar cutar da ƙudan tsando ke sa wa shanu da mutane tana sauya rigar furotin da ke jikinta bisa dace, shi ya sa garkuwar jiki ke kasa gamawa da ita. Sannan idan ƙwayoyin cutar suka yi yawa a jini, saƙon sinadari da ke tsakaninsu kan sa wasu su rikiɗe su zama gajeru masu jiran ƙuda ya ɗauke su. Ga dace, ga saƙon sinadari mai bazuwa. Ki je ki zauna da masu ɗakin gwaji, ki ji abin da suke iya aunawa kafin ki rubuta komai.

Malam Bashir: Haka ne. Dakta, in kin gama Gillespie ɗin, turo shi zaure mu duba tare.

Hauwa: In sha Allahu zan turo. Allah ya saka da alheri.