Wane bugu na Back in Black ya kamata in nema?

Ɗan Auta: Salamu alaikum 'yan zaure. Ina neman faifan Back in Black na ƙungiyar mawaƙan rock AC/DC mai sauti tas. Wanda ke wayata MP3 ne mai 128 kbps, da an bugi farantan ganga sai in ji kamar ana suya a kasko. Me zan nema?

Injiniya: Wa alaikumus salam, ƙanena. Wannan shuuu ɗin aikin matse fayil ne. MP3 mai 128 yana zubar da siraran sautuka don fayil ɗin ya ƙanƙance, kuma farantan ganga ne ke fara shan wahala. Nemi CD ko FLAC (fayil ɗin da ba ya zubar da sauti) mai 16-bit/44.1kHz, wato ingancin CD. Amma tun kafin nan ka tambayi wane bugu ne, wato fitowar wace shekara, don nan maganar take.

Baban Yara: Gaskiyar Injiniya. A 1980 aka ɗauki faifan nan a situdiyon Compass Point da ke Nassau, ƙasar Bahamas, 'yan watanni bayan rasuwar mawaƙinsu Bon Scott, Brian Johnson ya karɓi waƙa. Mutt Lange ya shirya shi, Tony Platt ya ɗauki sautin. Abin da ya sa nake ƙaunarsa shi ne sararin da suka bari tsakanin kayan kiɗan. Jitar Malcolm Young tana kunnen hagu, ta Angus tana dama, gangar Phil Rudd a tsakiya, kowa da wurinsa. An sake gyara sautin a 1994 a hannun Ted Jensen, sannan a 2003 a hannun George Marino. Na 2003 ya fi ƙara, amma a kunnena gangar ta rage nauyi, don an danne kololuwar sautin kafin a ɗaga ƙarar. In ka samu tsohon CD na shekarun 1980, kar ka sake shi.

Ɗan Auta: To Baba, mai 24-bit fa? Na ga ya fi tsada.

Injiniya: Bari in amsa. In tun a wajen gyara aka danne sautin, 24-bit ba zai dawo da abin da aka danne ba. Kuma in ta Bluetooth kake ji, wayar ma sake matse shi take yi. Kuɗin nan ka sayi abin kunne mai waya da shi.

Yaya Babba: Ga gwaji, Auta. Sa Hells Bells, waƙar farko a faifan, ka daidaita ƙarar fayiloli biyun da za ka kwatanta tukuna, don kunne kan zaɓi wanda ya fi ƙara. Saurari ƙararrawar farko, wadda kamfanin John Taylor na Loughborough a Ingila ya ƙera. A fayil mai kyau amonta yana ja har ya mutu a hankali, a mara kyau sai ka ji yana rawa.

Ɗan Auta: Na gode, Yaya. Data fa?

Yaya Babba: Minti 42 ne duka, FLAC ɗinsa zai kai wajen MB 300. In ya yi maka nauyi, ɗauki MP3 mai 320 daga bugu mai kyau, zai wadatar da kai.