Shafukan jerin masu sana'a: suna kawo wa mai ɗaukar bidiyon biki aiki kuwa?

Mai_Kyamara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mai ɗaukar bidiyon biki da taro, wanda duk aikinsa ta hanyar wane ya gaya wa wane yake zuwa, idan yana son shiga shafukan nan da ake jera sunayen masu sana'a a intanet, ta ina zai fara? Akwai na kyauta, akwai masu karɓar kuɗi duk wata. Wanne ya cancanci a ɓata masa lokaci? Kuma me ake sawa a ciki don kada suna ya zauna kawai babu mai kira?

Ɗan Sutudiyo:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin ka ba kowa ko sisi, ka fara da na Google, wato Google Business Profile, wanda har zuwa ƙarshen 2021 ake ce masa Google My Business. Kyauta ne, kuma shi ne yake fitowa a taswira idan mutum ya nemi mai bidiyo a kusa da shi.

Sunan da za ka rubuta ya zama ainihin sunan sana'arka, yadda yake a allonka da rasit ɗinka. Kada ka cusa masa su "gwanin biki mai araha lamba ɗaya" don ka fito a sama. Dokarsu ta hana, kuma a kan haka ake dakatar da shafi, dawo da shi kuwa sai an sha wuya. Babban rukunin sana'a guda ɗaya ake zaɓa, ka sa na aikin bidiyo. Ana iya ƙara ƙanana har 9, amma ka tsaya a kan abin da kake yi da gaske. Idan daga gida kake aiki, ɓoye adireshin ka zaɓi yankunan da kake zuwa. Suna ba da dama har 20, muddin ba su wuce tafiyar kamar awa 2 a mota daga inda kake ba.

Wajen tantance cewa sana'ar taka ce da gaske, yanzu sau da yawa bidiyo suke nema. Ka tanadi kayan aiki, da abin da ke ɗauke da sunan sana'ar, da wata alama ta unguwar, ka ɗauka a tafi ɗaya ba yankewa. Bayanin sana'a haruffa 750 ne iyakarsa, to jimlolin farko su faɗi aikin da kake yi da inda kake zuwa. Bidiyon da za ka ɗora kada ya wuce daƙiƙa 30 da MB 75, kuma kyawun hotonsa ya kai 720p.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne saɓanin bayani: lamba ɗaya a Google, wata a Facebook, tsohuwar da aka daina amfani da ita a wani shafin da aka manta. Ka rubuta suna da lamba da adireshi sau ɗaya a ajiye, duk inda za ka yi rajista ka kwafo daga nan.

Anti Mai Shirya Taro:
Ɗan Sutudiyo ya gama da rajista, amma ƙanena, rajista ba ta ɗauko aiki. Mai neman ɗan bidiyo shafi biyar ko shida yake buɗewa a zama ɗaya, kowa ya ba shi 'yan daƙiƙu. Idan bidiyonka ya fara da tambarin sutudiyo yana juyi yana walƙiya, kafin ya gama an wuce ka. Fara da fuskar mutum, da motsi, da murya. Tambarin ya koma ƙarshe.

Ka kuma nuna wurin da aiki yake da wuya. Kowa ya iya ɗaukar amarya a waje da hasken yamma. Sa guntun cikin zaure da daddare, inda fitilu masu launi suke ɓata fata, a ga naka ya fito tsaf. Sa wani guntun da ake jin jawabi tar, ba amon lasifika ba, don wanda ya san aiki da kunne yake fara auna ka. Sannan ka ajiye cikakken aiki ɗaya a YouTube wanda sai mai mahaɗinsa, wato link, ne zai gani, ka tura wa wanda ya nuna da gaske yake.

Kada ka ɗora fuskar kowa sai da izini, kuma izinin ya shiga cikin yarjejeniya a rubuce tun ranar karɓar kafin alƙalami. Wasu iyalan ba sa so sam, hakkinsu ne.

Maganar sharhin da kwastomomi ke rubutawa a shafinka kuma, lokacin roƙonsa shi ne ranar da ka miƙa aiki, suna cikin murna. Tura musu mahaɗin kai tsaye, ka roƙi su ambaci irin taron da wurin da aka yi shi. Bayan wata guda ba mai tuna ka. Sayen sharhi ko yi wa mutum ragi don ya ba ka taurari biyar, Google ya hana, kuma ana gogewa. In wani ya rubuta mara daɗi, ka amsa a taƙaice cikin ladabi. Masu zuwa daga baya amsar taka suke karantawa.

Mai Editin:
Ni kan na kuɗin zan yi magana. Manyan shafukan harkar biki da aka fi sani su ne The Knot da WeddingWire, waɗanda tun ƙarshen 2018 suka koma ƙarƙashin kamfani ɗaya, kuma ƙarfinsu a Amurka yake. Kowace ƙasa da nata. Gwajin mai sauƙi ne: ka nemi mai bidiyon biki a yankinka kamar kai ne kwastoma. Shafin da bai fito a sakamakon farko ba, masu biki ba sa ganinsa, komai daɗin bakin ɗan tallansu.

Kafin ka biya, ka tambaye su abu uku. Masu bidiyo nawa ne a yankinka suka riga suka biya? Saƙon kwastoma kai kaɗai ake tura wa, ko ku goma ne a lokaci guda? Kuma kwantiragin na wata nawa ne, yana sabunta kansa? Da yawa na shekara ne, kuma sai an cire kuɗin zagaye na biyu mutum yake farga.

Lissafin kuma ba da yawan saƙo ake yi ba. Kowa ya kira, tambaye shi inda ya gan ka, ka rubuta. Bayan wata 6 ka raba abin da ka kashe da yawan ayyukan da aka biya kafin alƙalaminsu. Idan kuɗin samo aiki ɗaya ya cinye ribarsa, ka fita.

A nan na ɗan saɓa da Anti: bidiyo mai kyau ba ya ceton mai jinkirin amsa. Wanda ya fara amsawa da bayani mai gamsarwa shi ya fi samun aikin. Tanadi amsa a WhatsApp Business mai tambayar rana, da wuri, da awa nawa, da kyamara nawa ake so. Google ya rufe nasa wurin hira a 2024, saboda haka lambarka ce ƙofa.

A kuma kula da 'yan damfara. Mutum zai amince da farashi ba ciniki, ya ce ya turo fiye da kima bisa kuskure, ka miƙa ragowar ga "mai kwalliya". Daga baya kuɗin nasa ya zama na bogi, naka kuwa ya tafi.

Mai_Kyamara:
Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: farashi fa, a rubuta ko a bari sai an kira?

Anti Mai Shirya Taro:
Rubuta mafi ƙanƙanta, ka ce daga nan yake farawa, tare da abin da ke ciki: awa nawa, mutum nawa, da kwanakin da za a jira kafin a karɓi aiki. Kira zai ragu, amma masu kiran sun riga sun san inda aka dosa. Kuma tunda ka zo kan abin da ake ɗorawa, cire waƙar mutane daga guntayen talla. YouTube da Instagram suna gano ta da kansu, su kashe sautin ko su toshe bidiyon. Nemi kiɗan da ka sayi lasisinsa, ka ajiye shaidar biyan a wayarka.