Idan babu tankar da ta kai Tiger, yaya aka yi Jamus ta sha kashi?

Ɗan Gareji: Salamu alaikum. Jiya da daddare mun yi musu da yayana har shayinmu ya huce. Ya kafe cewa a Yaƙin Duniya na Biyu babu tankar da ta kama ƙafar Tiger ta Jamus: igwa mai milimita 88, sulken gaba milimita 100. Ni kuwa bakanike ne, kullum ina kwance ƙarƙashin manyan motoci. Da na ga hoton tayoyinta sun shiga juna kamar an jera faifai, sai na ce duk wanda zai canja ta ciki ya shiga uku, don sai ya kwance na waje tukuna. Ya ce ƙorafin masu sifana ne kawai. Masana, ku raba mu.

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Yayanka bai yi ƙarya ba, amma idonka ya fi nasa gani. Tiger 1,347 kacal aka ƙera daga 1942 zuwa 1944. Amurka ta ƙera Sherman kusan 50,000, T-34 ta Sobiyet ma ta haura haka. Sarkin yawa ai ya fi sarkin ƙarfi.

Kuma lokacin da Jamus ke cin ƙasashe ba ta da Tiger. A Mayun 1940 da ƙananan tankokinta Panzer I da II ta shiga Faransa, da waɗanda ta ƙwace a Czechoslovakia, sai Panzer III da IV. Char B1 ta Faransawa ta fi su kaurin sulke nesa ba kusa ba. Sai dai Jamusawa sun tara tankokinsu cikin runduna 10, kusan kowace tanka da rediyo, su kuwa Faransawa sun rarraba yawancin nasu ga sojan ƙasa. Janar Guderian na Jamus ya ƙetare kogin Meuse a garin Sedan na Faransa ran 13 ga Mayu, ran 20 ga wata dakarunsa suna bakin teku.

Baban Yara: Malam, a yi wa Tiger adalci. T-34 ce ta ba Jamusawa mamaki a 1941, ƙananan igwoginsu suna bugun sulkenta harsashi yana zamewa. Dole su nemi babba.

Malamin Tarihi: Haka ne, Alhaji, amsar T-34 ta ainihi ma wata tankar Jamus ce mai suna Panther. Amma gaggawa aka yi mata. Wajen 200 aka kai yaƙin Kursk a Rasha a Yulin 1943, wasu injinsu ya kama da wuta tun ba su isa fagen daga ba. Tayoyin da ƙaninmu ya gani kuwa, a hunturun Rasha taɓo kan daskare a tsakaninsu da dare, gari ya waye tanka ta ƙi motsi.

Ɗan Gareji: Allah ya saka, Malam. Mai fa? Nauyin Tiger tan 57 ba wasa ba ne.

Malamin Tarihi: Fetur take sha, ba dizal irin T-34 ba. Rijiyoyin man Romaniya sun kuɓuce wa Jamus a Agustan 1944. A Disamba, a ƙauyen La Gleize na Beljiyam, dakarun wani kwamandan Jamus mai suna Peiper suka bar tankokinsu babu mai, suka sulale da ƙafa cikin dare. Tiger II (samfurin da ya gaji Tiger) guda tana nan a ƙauyen har yau. Ka nuna wa yayan naka hotonta.