An ba ni shugabancin makaranta, amma kokwanto ya hana ni yanke hukunci

Assalamu alaikum 'yan'uwa. An naɗa ni shugabar wata firamare, kuma wasu malaman sun girme ni. Duk taron da muka yi sai in kwana ina juya abin da na faɗa. In malami ya yi shiru, sai in ce raina ni ya yi. Jadawalin darussa ma na kasa sa masa hannu don tsoron kuskure. Zuciyata na ta ce mini ban cancanta ba. Don Allah ina mafita?

Amsar wata mai aikin lafiyar ƙwaƙwalwa:
Wa'alaikumus salam, Malama. Tun shekarun 1960 likita Aaron Beck na Amurka ya bayyana irin wannan karkataccen tunani. Naki iri biyu ne: yanke hukunci kan abin da ke zuciyar mutum babu hujja, da hango mafi munin sakamako. Ki samu littafi ki raba shafi gida huɗu: abin da ya faru, abin da zuciya ta raya miki, hujjojin da ke gaskata shi da masu ƙaryata shi, sai magana ta adalci. A gidan farko ake tuntuɓe. Kada ki rubuta "ya raina ni", wannan fassararki ce. Rubuta abin da ido ya gani: "ina magana yana duba waya, bai ce komai ba." Wataƙila yaronsa ke kwance a gida. A gidan ƙarshe kuma kada ki sa "kowa na so na", zuciya ba za ta yarda ba. "Ban san dalilin shirunsa ba, zan tambaye shi" ya wadatar. Ki auna ƙarfin damuwar daga 0 zuwa 100 kafin rubutu da bayansa.

Amsar wani tsohon mai duba makarantu:
Malama, jinkirin nan ya fi kuskuren da kike tsoro illa, don sai malamai biyu su yi karo a aji ɗaya, wani ajin kuma ba kowa. Jadawali abu ne da ake iya gyarawa. Ki sa hannu, ki sanar cewa gwajin mako biyu ne, ki sa ranar da za a sake dubawa. Abin da ba ya gyaruwa cikin sauƙi, kamar kai ƙarar malami ofishin ilimi, shi ke buƙatar nazari. Shawara da mutum biyu ko uku ta isa. Aya ta 159 a Ali Imrana ta haɗa shawara da azama da tawakkali. Manyan malaman kuwa, ki same su ɗaya-ɗaya kafin taro, ki ji ta bakinsu cikin girmamawa.

Amsar wata malamar nazarin halayyar ɗan Adam:
'Yar'uwa, a 1978 masana halayyar ɗan Adam Pauline Clance da Suzanne Imes sun rubuta kan wannan ji na rashin cancanta a wurin mata masu ƙwazo. Ki ware minti 15 bayan la'asar don tunanin da kike kwana kina juyawa, ba kan gado ba. Tambayar "me ya sa nake haka?" ba ta da ƙarshe, ki musanya ta da "me zan yi gobe?" Idan rashin barci, rashin cin abinci da rashin jin daɗin komai suka kai mako biyu, ki ga likita. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano da na Barnawa a Kaduna.