In rage riɗi in shuka waken suya da dankali saboda yarinyata?

Manomin Gumel: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shiga irin wannan tsari. Wata ƙungiya ta zo ƙauyenmu da shirin noma da ta ce manufarsa gyara abincin yara. Za a ba mu irin waken suya bashi mu biya da kaka, a ba matanmu dashen dankalin nan mai ciki ruwan lemo kyauta, a kuma koya musu haɗa kunun yara, amma da sharaɗin in ware rabin gonata. Gonar eka 3 ce a kan tudu, babu fadama, kuma gero da riɗi na saba shukawa. 'Yata tana da wata 18, da aka auna damtsenta a asibiti awon ya tsaya a kan ruwan ɗorawa. Shin in shiga shirin, ko in ci gaba da riɗi in riƙa saya mata ƙwai da wake da kuɗinsa?

Alhaji Mai Shago: Wa alaikumus salam. Ka shuka shinkafa kawai, Malam, domin ita ce take da kasuwa. Wanda yake da kuɗi a aljihu ɗansa ba ya rama.

Baba Mai Rumbu: Yaro, ka saurare ni da kyau. Shekarun baya wasu sun zo mana da irin wannan daɗin baki, sai dai nasu na masara ne da taki bashi, da alƙawarin za su kawo mai saye. Na rage gerona saboda su. Irin bai iso ba sai da damina ta yi nisa, maƙwabtana har sun gama noman farko, takin kuma da ya zo bai kai abin da muka sa wa hannu ba. Da kaka ta yi mai sayen bai bayyana ba, amma masu karɓar bashi ba su makara ba. Tun kafin bazara rumbuna ya ƙare, na sayar da akuyar da jikana yake shan nononta na biya su, kuma a wannan shekarar ne uwarsa ta kwanta da shi a cibiyar masu tamowa. Duk shirin da zai taɓa geronka, ka guje shi.

Alhaji Mai Shago: Allah Ya kyauta, Baba. Waken suya dai ba masara ba ne, na sayi buhunsa naira 85,000 kwanan baya.

Dillalin Maigatari: Alhaji, wannan farashin birni ne bayan kaya sun yi ƙaranci. Da kaka a hannun manomi na gani da idona an sallama shi naira 60,000, mai shi yana godiya. Riɗi kuwa ana fitar da shi ƙasashen waje, shi ya sa ba ya kwantai.

Ma'aikaciyar Lafiya: Malam Manomin Gumel, kowa yana maganar buhu an manta da yarinyar. Ruwan ɗorawa yana nufin damtsenta tsakanin santimita 11.5 da 12.5 yake, ja kuma, wato tamowa mai tsanani, ƙasa da 11.5 ne, kuma gudawa ɗaya ko zazzaɓin cizon sauro ɗaya ya isa ya kai ta can. Waken suya da dankali ba za su nuna ba sai bayan wata 3 zuwa 4, ita kuwa damina ce lokacin da yara suka fi faɗawa tamowa. Tun yau a ƙara mata garin gyaɗa ko na soyayyen waken suya a kunu, da zogale a miya, da ƙwai idan an samu, a ci gaba da ba ta nono, a kuma riƙa komawa awo. Kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa shekara 2, su ne ke da wuyar gyarawa idan sun wuce. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuma adadin ya kai 57, alhali nan ne ake noma hatsin.

Ɗan Maraɗi: Maganar Hajiya gaskiya ce. A 2005 jiharmu ta Maraɗi, wadda ake ɗauka rumbun Nijar, tana cikin inda yara suka fi cika cibiyoyin tamowa, kuma hatsi yana nan a kasuwa, saye ne ya gagari talaka. Fura da kunu zalla suna cika ciki, ba sa gina jikin yaro.

Malamin Gona: An gwada irin waɗannan shirye-shirye a wasu ƙasashe kuma an bi diddiginsu. A Mozambik da Yuganda, gidajen da aka ba dashen wannan dankali yaransu sun ƙara samun bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi da raunin garkuwar jiki, kuma masanan da suka jagoranci aikin sun sami kyautar abinci ta duniya a 2016. A gabashin Burkina Faso, daga 2010 zuwa 2012, ƙungiyar Helen Keller ta haɗa lambun mata da kiwon kaji da koyar da ciyarwa. Gudawa da ƙarancin jini sun ragu a wasu rukunin yaran, amma tsayinsu bai canza a fili ba. Abin lura shi ne amfanin ya fito ne inda amfanin gonar yake hannun uwa. Shawarata ka roƙe su su yarda ka ware eka ɗaya kawai maimakon rabin gonar, daga wajen riɗi, kada ka taɓa gero.

Baba Mai Rumbu: Malam, ku ne kuka tsaya a bayan waɗancan kuna gyaɗa kai. Wanda albashinsa ke shiga ko an yi ruwa ko ba a yi ba, bai kamata ya raba gonar wani ba.

Malamin Gona: Baba, da girmanka, ni ma ina da gona, kuma abin da ya same ka bashin masarar sayarwa ne, wannan kuwa abin ci ne a gida.

Ɗan Maraɗi: Kuɗin riɗi ai an san hanyarsa. Yana shiga aljihu da kaka, sai maigida ya fara gyaran ɗakin da babu kowa a ciki, kafin sanyi ya wuce an kawo amarya.

Uwar Biyu: Kun mai da shi wasa, amma ni abin da na rayu a ciki ke nan. Maigidana yana sayar da amfanin gona ban san ko nawa ba ne, sai da na sami waken suya nawa na kaina na fara awara, sannan tagwayena suka san ƙwai a kai a kai. Sai dai a gaya wa matar Manomin Gumel gaskiya: jiƙa wake, kai niƙa, tacewa da ban ruwan lambu suna cin yini, kuma lokacin da nake tsakar aikin, yayarsu 'yar shekara 8 ce take ba su kunun da ya huce. Malam, ka tambaye ta ko tana da ƙarfin wannan aiki kafin ka sa hannu.

Manomin Gumel: Na gode muku duka. Ban tambaye ta ba tukuna, kuma har yanzu babu wanda ya gaya mini ko dankalin zai yi a jigawa irin tamu.

Dillalin Maigatari: Ni abin da ke damuna ma daban ne. Abincin gyaɗar nan na leda da ake ba masu tamowa kyauta, na gan shi a kan teburin mai shayi, ƙarti suna shafawa a burodi.

Ma'aikaciyar Lafiya: Muna fama da wannan. Wata uwar takan sayar da rabi ta sayi hatsin sauran yaran, wata kuma a gida ake rabe shi, shi ya sa yaron yake dawowa awo bai motsa ba.

Baba Mai Rumbu: Kada a ɗora wa iyaye mata kaɗai. Kwali guda ba ya fita a cikin zanin mace, a binciki masu riƙe da makullin ɗakin ajiya.

Alhaji Mai Shago: Ni dai ban taɓa ajiye shi a shagona ba, ko da yake ana kawo mini tayi.